Shekarar da Na Zauna a Bencin Horo

Ladi, Istifanus, da ke auta Talatu, na san kun sha jin maganar nan a bakin mutane, kuma na san kunya ce ta hana ku tambayata. Wai uwarku ta taɓa zama a bencin horo, wai ta tsaya gaban ikilisiya ta ce ta tuba, amma har yau ba wanda ya san abin da ta aikata. To, zaman na yi shi, kalmar ma na faɗe ta da bakina, ba zan musa ba. Laifin ne ban yi ba. Yanzu da babanku ya huta, ni ma ƙafa ta fara ƙin kai ni ko'ina, gara in faɗa muku yadda abin ya faru, ko da yake akwai wuraren da ni kaina har gobe ban gane kansu ba.

A farkon shekarun dubu biyu muna zaune a Samaru, babanku yana aiki a gonar jami'a, ni ina soya ƙosai a bakin layi ina sayar wa ɗalibai. Amma in kun tambayi kowa a cocinmu wace ce Rifkatu, ba zai ce mai ƙosai ba, zai ce mai ba da waƙa ta zumuntar mata. Ni ke tsayawa a gaba in ɗaga, mata su amsa, mai tulu ta dafe bakin tulunta, masu kacau-kacau su shigo. Ba yabon kai ba, Allah ya ba ni murya, kuma na san ya ba ni. Yaran jami'a sun cika mana coci a lokacin, sun kawo jita da fiyano da waƙoƙinsu na Turanci, amma da zarar zumunta ta miƙe da zanenta iri ɗaya, su ma ajiye kayansu suke yi su taka rawa. Lahadin da ban yi waƙa ba ji nake kamar na wuni ban ci abinci ba. Ku riƙe wannan da kyau, don in kun manta shi za ku ɗauka uwarku ba ta da wayo.

Cocinmu ya yi suna wajen karɓar baƙi, har abin yakan so ya yi yawa. Bayan sanarwa sakatare zai ce duk wanda yau ce ranarsa ta farko ya miƙe. Baƙo ya faɗi sunansa, garinsu, cocin da ya fito, da unguwar da ya sauka. Sai in ɗaga waƙar maraba, mata su bi layi suna ba shi hannu. Bayan sujada a ba shi zobo mai sanyi, a cikin mako kuma wasu mata su ɗaura zanen zumunta su je har gidansa da Littafi Mai Tsarki a hannu su gaishe shi, duk unguwa tana kallo. Ba ka shiga cocin nan ka fita ba a san kakanka ba.

Wuri ɗaya ne idon sakatare ba ya zuwa, bencin ƙarshe na ɓangaren mata, dab da ƙofa. Nan ne mazaunin waɗanda dattawa suka sa ƙarƙashin horo, kamar wadda ta yi ciki ba aure, ko wadda aka samu tana dafa burkutu. Mai horo takan zo sujada, amma ba ta waƙa a gaba, ba ta cin jibin Ubangiji, ba ta ɗaura zanen zumunta, sai ranar da aka kira ta gaba ta ce ta tuba, fasto ya yi mata addu'a, a maido ta cikin jama'a. Ba a rubuta komai a jikin bencin ba, kowa dai ya sani. Ko coci ya cika maƙil, mutum ya gwammace ya tsaya a waje bakin taga da ya zauna a kai.

A shekarar da nake ba ku labari, bencin ya daɗe ba kowa. Sai wata Lahadi wajen farkon damina muka ga wata mace a kai. Siririya ce, ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba, ta rufe kai da gyale kamar kowace mace a cikinmu. Tana shigowa bayan an fara sujada, tana fita kafin addu'ar rufewa. Da aka ce baƙi su miƙe ba ta miƙe ba, ba kuwa wanda ya yi mamaki. Nan take mata suka yanke hukunci cewa daga wani cocin ƙauye take, can aka sa ta horo, ta zo birni, tsoron Allah ya sa ta kai kanta wurin da ya dace da ita. Mama Saratu, shugabar zumuntarmu, har misali ta yi da ita a taron Alhamis, ta ce ku ga mai gaskiya, da wata ce da ta lallaɓo ta zauna a gaba tana tafi.

Ni abin da ya ja hankalina daban ne. Mai ba da waƙa jama'a take fuskanta, saboda haka ina ganin bakin kowa. Akwai wata tsohuwar waƙa da muke yi lokacin baiko, wato sa'ad da jama'a ke ba da kuɗin sadaka, wadda ke roƙon Ubangiji ya riƙe hannun matafiyi a hanya mai santsi. Na koye ta a ƙauyenmu tun ina yarinya. Duk sauran waƙoƙi matar nan shiru take yi, kai a sunkuye, amma in na ɗaga wannan sai ta ɗago, leɓenta ya kama motsi. Kuma in mun gama, ita ba ta gamawa, tana ci gaba da wani baiti da tsofaffi ke yi, wanda aka daina yi tuntuni. Sai ta kai rabinsa ta tsaya cak, kamar wadda ta manta hanya. Na ce a raina, wace irin mai horo ce wannan da ba ta san waƙar maraba ba amma ta san baitin da kakata ke yi?

Wata Lahadi na kasa haƙuri. Ina ganin ta fita na zame ta ƙofar gefe, na same ta a bakin titi tana jiran bas mai zuwa Sabon Gari. Da na gaishe ta sai ta firgita har jakarta ta faɗi. Na ce mata ba wani abu ba ne, waƙar nan ce nake so in ji inda ta koye ta. Ta dube ni, ta dubi titi, ta sake dubana, sannan ta ce in rantse ba zan gaya wa kowa ba, ko da maigidana ne. Na ce mu ba ma rantsuwa, amma na yi mata alkawari. Zan kira ta Binta a nan, ko da yake ba sunanta ke nan ba.

"Mama, ni Musulma ce," ta ce. "Da mijina da 'ya'yana a Dogarawa. Uwata ce irinku."

Ashe uwarta Kirista ce da ta auri wani ɗan kasuwa Musulmi, auren bai daɗe ba ya mutu, uban ya ɗauke yarinya tana ƙarama ya kai wa danginsa. Ba ta sake ganin uwar ba har labarin mutuwarta ya zo. Ta ce ko fuskarta ba ta iya tunawa, abin da ya rage mata kawai waƙar nan, uwar tana yi tana goye da ita tana daka. Binta shara take yi a asibiti, takan tashi daga aikin kwana da safiyar Lahadi. Wata rana bas ɗinsu ya lalace a gaban cocinmu, ta ji tulu, ta ji muryata, ƙafarta ta kawo ta ciki ba tare da ta yi shawara da ita ba. Ta ga benci ba kowa kusa da ƙofa, ta zauna. A gida sun ɗauka aiki ne ke riƙe ta. Ta ce in mijinta ya ji ta taka coci, aurenta ya ƙare, 'ya'yanta kuma za a yi musu abin da aka yi mata.

Na koma gida kaina a ɗaure. Kun tuna yadda garin yake a shekarun nan, ƙishin-ƙishin kaɗan sai a rufe shaguna kowa ya nemi 'ya'yansa. Ku yi tunanin matan zumunta da zanensu da Littafinsu suna sallama a ƙofar gidan mutumin nan a Dogarawa. Na so in gaya wa fasto, amma fastonmu na lokacin yaro ne mai zafin aiki, mutumin kirki, sai dai ba ya iya riƙe abin farin ciki a cikinsa. Da ya ji, da Lahadi mai zuwa ya hau mumbari ya ce Ubangiji ya kawo mana rai, a tashi a yi tafi. Ga kuma alkawarin da na ɗauka. Na gane cewa duk faɗin cocin nan mai son baƙi, bencin kunya ne kaɗai wurin da matar nan za ta zauna lafiya. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tsoro.

Lafiyar ba ta daɗe ba. Mama Saratu ta ce bai kamata a bar 'yar mutane tana zama ita kaɗai ba wanda ya san laifinta balle ya taimake ta, za ta tare ta a ƙofa ta ji cocinsu da gidanta. Kun san Mama Saratu, Allah ya ba ta hutawa, in ta sa abu a gaba ko ɗan sanda bai kai ta bincike ba, kuma duk da ƙauna take yi. Na ce ta bar mini ita. Lahadin nan da na gama waƙar baiko, maimakon in koma kujerata ta gaba, sai na bi ta tsakiya da zanen zumuntata, na je na zauna a bakin bencin, na sa Binta ta ciki. Niyyata ta rana ɗaya ce, in tsare ta har ta fita. Na ji coci ya yi tsit, har fasto ya ɓata layin da yake karantawa, amma na ce ai kowa ya san ni, wa zai yi wani tunani?

Ina zama ta kama bakin zanena ta riƙe. Lokacin da ake sanarwa ta matso ta ce in gaya mata ƙarshen baitin nan. Na raɗa mata layi ɗaya, hawaye suka zubo mata, ta yi ta maimaitawa a hankali. Lahadi ta gaba da na waiwaya daga gaba sai na ga ta matsa ta bar mini wuri, tana kallona. To, ku gaya mini, ya zan yi? Na sake zuwa. Sau ɗaya na gwada yi mata wa'azi, don zuciyata tana damuna cewa ga rai a hannuna ina ɓoye shi daga makiyayi. Ta saurare ni da ladabi, sannan ta ce ita ba addini ta zo canjawa ba, tana sallarta, uwarta ta zo ji.  Har yau ban sani ba ko abin da na yi a bencin nan aikin Ubangiji ne, ko kuwa tausayi ne kawai irin na mata.

Dattawa suka kira ni. Dattijo Yohanna, wanda shi ne babbansu, ya ce tun da aka kafa cocin nan ba a taɓa ganin mai hawa gaba ta ba da waƙa ta sauko ta zauna a bencin horo ba, abin yana rikita jama'a. In taimakon matar nake yi, a gida ake yin wannan, kuma in faɗi sunanta da cocinsu da laifinta don su tuntuɓi fastonta. Na ce ba zan iya faɗa ba. Ya ce to in bar bencin. Na ce shi ma ba zan iya ba. Suka dubi juna. Fasto ya tambaye ni a hankali ko akwai abin da ke damun lamirina, ko na kai kaina wurin ne don wani abu da ba su sani ba. Na ce babu. Dattijo Yohanna ya ce to wuri biyu ba ya zaunuwa, in zaɓi gaba ko baya.

Gaba na zaɓa, ba zan ɓoye muku ba. Lahadin nan na yi zamana a kujerata, ina waƙa amma idona na ƙofa. Binta na miƙewa za ta fita na ga Mama Saratu ta sha gabanta, ta dafa kafaɗarta tana murmushi. Daga baya na ji har ta samo sunan unguwa, saura layi da gida. Da na iske Binta a bakin titi sai ta ce Mama kin bar ni. Lahadi mai zuwa na ninke zanen zumunta na sa a akwati, na ɗaura atamfata ta gida, na je na zauna a baya tun kafin a fara sujada. Wata yarinya mai suna Hannatu aka ba waƙa. Muryarta ba laifi, amma tana saurin shiga kafin tulu, ni kuwa ina zaune ina cizon leɓe.

Daga nan magana ta tashi. Tunda dattawa ba su sa ni horo ba, sai aka ce lamirina ne ya kai ni, kuma laifin da mutum zai hukunta kansa a kai ba ƙarami ba ne. Wasu suka ce giya nake sayarwa a ɓoye. Wasu suka ce mace mai tsayawa bakin layi da ɗalibai maza, ai sai a hankali. Masu sayen ƙosaina na coci suka ragu. Ladi, ke kina cikin mawaƙan matasa a lokacin, kin tuna ranar da kika dawo kika jefar da littafin waƙarki kika ce ba za ki sake zuwa ba, don ana yin shiru in kin shigo? Istifanus ya yi faɗa a filin ƙwallo ya ƙi faɗin dalili. Talatu ce kaɗai ke murna, wai yanzu Mama tana kusa da ƙofa, tana iya zuwa ta karɓi kuɗin alewa.

Babanku mutum ne mai shiru, kun sani. Makonni suka wuce. Wata Lahadi da rana na ajiye masa tuwo, ya wanke hannu, ya zauna yana kallon kwanon bai taɓa ba. Ya kore ku waje, sannan ya yi tambayar ba tare da ya dube ni ba.

"Maman Ladi, da wa?"

Kai, ban taɓa jin abin da ya soke ni irin wannan ba. Na ce masa ba kowa, ban yi komai ba, Allah ne shaidata. Ya ce to me ya kai ni wurin? Na ce alkawari ne na yi wa wata. Ya ce alkawarin ya fi wanda na yi masa a gaban ikilisiya?  Na so in faɗa masa, bakina ya buɗe, sai na tuna yadda ta ce ko maigidana. Ya daɗe yana kallona, daga baya ya jawo kwanon ya ce ya yarda da ni, amma in sani cewa shi kaɗai ne ya yarda a duk garin nan. Bai sake tambayata ba. Ni dai na san ban kyauta masa ba ko na kyauta wa Binta, kuma na kasa gano yadda zan kyauta wa su biyun.

Haka muka ci damina a bencin nan ni da ita. Na koya mata baitin har ƙarshe, da wani ma da ba ta taɓa ji ba. Sai wata Lahadi bayan an fara girbi ba ta zo ba. Na ce ko yaro ne ba lafiya. Ta gaba ma ba ta zo ba. Na ci gaba da zama ni kaɗai ina waiwayar ƙofa duk wanda ya shigo, ina cewa ko mijin ya ji, ko an kore ta, ko ni ce na jawo mata. Ban san gidanta ba, don da gangan ban taɓa tambaya ba. Na je Dogarawa na yi ta yawo a layuka kamar mai neman akuya, na dawo. Kirsimeti ya matso, zumunta tana koyon sababbin waƙoƙi, ina jin tulu daga gida ranar Alhamis ina kuka a kan kaskon ƙosai.

Da na tabbata ba za ta dawo ba, na fito da zanen zumuntata na goge, na ɗaura, na nufi kujerata ta gaba. Mama Saratu ta tare ni a tsakiyar hanya, da hawaye a idonta, ta ce Rifkatu, kin fi kowa sanin yadda ake tashi daga bencin nan, ba a tashi da kai. Na je wurin fasto. Ya ce shi bai sa ni horo ba, to ta yaya zai maido ni? Na koma wurin dattawa. Dattijo Yohanna ya ce gaskiya ne ba su sa ni ba, amma ikilisiya ta gan ni a zaune wata da watanni, dole ta gan ni an maido ni, in ba haka ba gobe duk mai horo za ta miƙe ta ce ita ma ba ta yi komai ba. Na ce to in tuba daga me? Ya ce wannan tsakanina da Allah ne, ba sai na faɗi laifin ba, kalmar kawai ake so. Na koma wa fasto, ya ce shi ma kansa ya ɗaure, amma duk abin da dattawa suka ce. Ba wanda ya rufe ni, ba kuwa mai iya buɗe ni.

A gida kuka rabu biyu. Ladi ta ce Mama ki faɗa kawai mu huta, ai kowa mai zunubi ne, ba ƙarya kika yi ba. Babanku ya ce kada in kuskura. Ya ce yanzu zato ake yi, ranar da na ce na tuba zato ya zama tabbas, kuma 'ya'yana ne za su ɗauki kayan har su yi aure. Ya ce in ya zama dole mu koma wani coci a Sabon Gari inda ba a san mu ba. Amma can wa zai ba baƙuwa waƙa? Mata na nan da suka shekara suna jiran layinsu. Na yi addu'a, na yi azumi, ban ji komai ba sai tulu a kunnena. Ina gaya muku gaskiya, ba don ke na yi ba, Ladi, ba kuma don zaman lafiyar ikilisiya ba. Waƙa nake so in yi.

Lahadin ƙarshe kafin Kirsimeti aka kira ni gaba. Fasto bai iya haɗa ido da ni ba. Ya ce 'yar'uwa Rifkatu, kin tuba? Na ce na tuba. Jama'a suka ce amin da ƙarfi, wasu mata suka yi guɗa, Mama Saratu ta rungume ni. Ina cikin hannunta na ga babanku ya tashi daga wurinsa na layin gaba na maza, ya ɗauki hularsa da Littafinsa, ya bi ta tsakiya ya fita a hankali. Aka miƙo mini waƙa a take, na ɗaga, muryata ta fita lafiya lau, mata suka amsa kamar ba a taɓa yin komai ba. Babanku ya ci gaba da zuwa sujada har ƙarshen ransa, amma bai sake zama a gaba ba, kuma da aka zaɓe shi dattijo ya ƙi karɓa. Da aka zo neman aurenki, Ladi, kin san tambayar da dangin mijinki suka yi, kin kuma san wanda ya sunkuyar da kai ya amsa musu.

Bayan wasu shekaru na je shagunan PZ sayen garin da zan yi cincin na biki, sai na ji an kama hannuna ana cewa Mama. Binta ce, cikin hijabi, ta yi ƙiba, da yarinya a gefenta.  Na jawo ta gefen wani shago na ce me ya faru, ya ji ne, an kore ki ne? Ta yi dariya ta ce ko kaɗan, aiki aka canja mata zuwa na rana, ba ta da sauran dalilin fita ranar Lahadi, kuma ba ta san gidana ba balle ta aiko. Ta ce lafiya lau take da mijinta, waƙar kuwa tana nan a bakinta har ƙarshe, tana yi wa yara in tana tankaɗe, sun ɗauka waƙar raino ce. Na tsaya ina kallonta, na rasa ko murna zan yi ko me.

Ta tura yarinyar ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce mata wannan ƙawar kakarki ce. Sannan ta riƙe hannuna da nata biyu.

"Mama, ban taɓa manta alherinki ba. Babbar mace kamarki, ki bar kujerarki ta gaba ki zo ki zauna da ni a wurin baƙi. Kuma don Allah ki gaishe mini da mutanenku. Wanda ya yi tunanin ware wa baƙo bencin nan, ba mai damunsa, ba mai matsa masa, Allah ya saka masa da alheri."

Ashe ba ta taɓa sani ba. Duk watannin nan da muka yi kafaɗa da kafaɗa, ba ta san a kan me take zaune ba, ni kuma ban taɓa lura cewa ban gaya mata ba. Maganar ta taso mini har maƙogwaro, da babanku da hularsa, da ku, da kalmar da na faɗa a gaban jama'a. Yarinyar tana jan hijabin uwarta tana cewa su tafi, mai bas yana kiran Dogarawa. Binta tana ta murmushi tana jiran amsata.

Na ce mata za su ji.